'Yan jakunkunan wasan yara: me zan ɗura a ciki in ba wake ba?

Maman Walida, daga ƙasar Taura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen malaman makaranta da masu ɗinki, da duk wadda ta taɓa yi wa 'ya'yanta irin abin da zan faɗa.

Ƙanwar maigidana tana karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Da ta zo hutu sai ta zo da wasu 'yan jakunkuna na ƙyalle, kowacce ba ta wuce tafin hannu ba, an ɗura wake a ciki an ɗinke bakin ruf. Ta ce suna cikin kayan koyarwar da aka sa su haɗawa kafin su fita gwajin koyarwa. Ta ɗauki gawayi ta zana da'irori a tsakar gida, ta rubuta 1 zuwa 5 a ciki, ta ce yara su tsaya daga gindin turmi su riƙa jefawa. Duk inda jaka ta sauka, sai yaro ya faɗi lambar, ya kuma yi tafi daidai adadinta.

Walida shekararta shida, tana aji ɗaya, wannan bai ba ta wuya ba. Abba ne ya ba ni mamaki. Shekararsa huɗu, kuma in ka jefa masa ƙwallo sai ya ware hannu biyu ya runtse ido, ta bugi ƙirjinsa ta gangara kwata, a yi ta kuka. Ita kuwa wannan jakar in ta sauka a hannunsa sai ta lafe, yatsunsa su nutse a ciki, in ta faɗi ƙasa nan take tsayawa, ba tsalle ba gangara. Yanzu har cafewa yake yi, yana ihu a zo a gani.

Da ta koma makaranta ta tafi da nata, sai na ɗinka wasu da ragowar atamfar sallah. Ba ni da keke, zare da allura na sa. Na ɗebi farin wake daga buhun gida na ɗura.

To a nan aka samu matsala. Gida ɗaya muke da Inna, mahaifiyar maigida. Ta tsinci ɗaya a ƙofar ɗakinta, ta matsa, ta kai kunne ta girgiza, ta ce, "Wannan motsin mene ne nake ji?" Na ce wake ne Inna. Sai ta riƙe haɓa. Ta ce waken da aka sha rana aka roro, aka yi ta korar awaki a kansa, shi ne yau ya zama abin jifa? Ta ce abinci ba a jifa da shi, ba a taka shi, albarkar gida ke guduwa. Ban ce komai ba, don ba a musu da ita, kuma a raina na san maganarta na da ƙamshin gaskiya, tunda da idona na ga Abba ya taka ɗaya da takalmi. Ba ta hana ba. Amma duk lokacin da yara suka fara jifa sai ta ja kujerarta ta juya baya, wanda ni ya fi mini faɗa ciwo.

Sai kuma ƙwari. Ba a daɗe ba na ga in an jefa jaka wani gari na fita daga ɗinkin, kuma ta rage nauyi. Na farke ɗaya, kowace ƙwaya da hujinta, ƙwari na ta yawo. Wata kuma ɓera ya ci kusurwarta da dare, na wayi gari Ummi, mai rarrafe, tana tsintar waken tana kaiwa baki.

Abin da nake so a faɗa mini shi ne, me ake ɗurawa wanda ba abinci ba ne, ƙwari ba sa ci, kuma ba sai na je kasuwar Gujungu na kashe kuɗi ba? Wane irin ɗinki ne ba ya farkewa? Sannan malamai ku gaya mini tsakani da Allah, akwai karatu a abin nan, ko kuwa yadda maigida yake cewa ne, wasa ne kawai muke ɓata ƙyalle? Don in wasa ne zalla, ba zan ɓata da Inna a kansa ba.

Telar Mata, Gezawa

Wa alaikumus salam Maman Walida. Ɗinki ne sana'ata, kuma na ɗinka wa wata makarantar islamiyya ta garinmu irin waɗannan, don haka bari in fara da abin da na iya.

Atamfa ita kaɗai ba za ta riƙe ba, balle wadda aka sha wankewa. Jaka biyu za ki yi, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki ki nemi ƙyalle mai kauri, yadin kakin 'yan makaranta ko ƙafar tsohon wandon jins, ita ce mai riƙe kaya. Atamfar ta zama riga kawai a waje, don kyan gani da kuma wanki. Ki yanka inci 5 tsawo inci 5 faɗi, in kin cinye rabin inci kowane gefe wajen ɗinki za ta tashi inci 4, daidai hannun yaro. Ki ɗinke gefe uku ta bai-bai, ki juyo ta, ki ɗura, ki lanƙwasa bakin ciki, ki bi shi sau biyu. Tunda da hannu kike yi, ki ninka zaren, kuma kada ki yi ɗinkin nan na tafi-da-gidanka da allura ke wucewa gaba kawai. Duk taku ɗaya ki mayar da allurar baya cikin hujin da kika baro. Yana cin lokaci amma ko an ja ba ya warwarewa. Kusurwa ita ce ke fara buɗewa, ki ƙara mata zare.

Kada ki cika ta dam. Kashi biyu cikin uku ya isa, wato ɗan sama da rabin gwangwanin madara. In kin cika ta tim sai ta koma ƙwallo, ta riƙa gangarawa, abin da ya sa Abba ke iya cafewa ya tafi ke nan, kuma ɗinkin ne zai sha wuya duk jifa.

Abin ɗurawa kuwa, ƙwallon tsamiya. Duk gidan da ake kunun tsamiya na sayarwa zubar da shi suke yi bayan an tace, ki aika Walida da kwano za a cika mata. Nauyinsa ya yi kusa da na wake, yana da santsi, ba ya huda ƙyalle, ga wata ƙara mai daɗi da yake yi in an girgiza. Ki wanke shi tas, ki zuba masa tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan, ki tsane, ki shanya a rana har sai kin ji yana ƙara a faifai. Kada ki bari ya jiƙa ya kumbura, kuma in da sauran danshi fumfuna zai yi a ciki. Ƙwallon dabino ma yana yi, ku da kuke Jigawa ba za ku rasa shi ba, balle da azumi. Sai dai a wanke zaƙin sosai, in ba haka ba kiyashi ne zai gaje jakar.

Yashi kada ki soma. Yana tsiyaya ta saƙar ƙyalle, yana da nauyi, in ya samu yaro a ido sai kuka. Ɓuntun shinkafa kuma ba shi da nauyi ko kaɗan, iska ke karkatar da shi, ga ƙaiƙayi.

Ƙyalle kuwa kada ki saya. Ki je wajen kowane tela ana saura kwanaki sallah, sharewa muke yi mu ƙone.

Baban Khalifa, mai sayar da hatsi

Maman Walida, Allah ya raya zuri'a. Ni dai ina bayan Inna, amma ba shi ya sa na shigo ba. Maganar ƙwari ce, don kullum da ita muke kwana muke tashi a Dawanau.

Ƙwarin nan ba daga waje suka shiga jakarki ba, tare kika ɗinke su. Tun wake na gona uwar take fara saka ƙwai, ta ci gaba a rumbu. Ƙwan ɗan mitsitsi ne manne a jikin ƙwayar, in ya ƙyanƙyashe tsutsar sai ta huda ta shige ciki, ta ci, ta girma a can. Hujin da kike gani ƙofar fita ce, an riga an gama ɓarna. Da zafi, cikin wata guda ko ƙasa da haka an yi zuri'a ɗaya, su ma su sake sakawa. Shi ya sa buhun PICS ya karɓu wajen manoma. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu, a ɗaure kowacce daban, iska ta ƙare musu su mutu ba tare da magani ba. Jakar ƙyalle kuwa ga iska ga ɗumi, me zai hana su?

Abin da nake tsoro shi ne wani ya ce miki ki samo waken da aka sa wa magani don kada ya yi ƙwari. Don Allah kada ki yi. Akwai masu jefa ƙwayar gas a buhu, akwai marasa tsoron Allah masu yayyafa fiya-fiya ko Sniper kai tsaye a kan wake. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, alhali mu ne muka fi kowace ƙasa noman irin wannan waken a duniya. Haka irin shuka da ake sayarwa a leda, wanda za ki ga an rina shi ja ko ruwan hoda, launin nan gargaɗi ne, magani ne a jikinsa. Mutum zai ga ragowar iri bayan shuka ya ce ai wannan ba na ci ba ne, bari a yi wa yara abin wasa. Abin da yaro zai matsa da hannu mai gumi, ya tsotsa, ya kwana da shi a ƙarƙashin kai.

In mutum ya nace sai wake ko masara, to ya soya su a busasshen kasko ba mai har su yi zafi sosai, wannan na kashe ƙwan. Amma ɓera ba ruwansa da soyayye ko ɗanye, hasali ma ƙamshin ke kiransa. Tsamiyar da Telar Mata ta faɗa ita ma tana da nata ƙwaron, shi ne ma yake cin gyaɗa a rumbu, don haka ruwan zafin nan kada ki tsallake shi, kuma duk ƙwallon da kika ga da huji ki ware.

Malamar Aji Ɗaya, ƙasar Bichi

Maman Walida sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta ƙarshe ita ce tawa, kuma zan faɗa miki yadda na gani a aji, ba yadda aka rubuta mana a allo a kwaleji ba.

Jakar ita kanta ba ta koyar da komai. In kika watsa wa yara ita kika shiga ɗaki, jifan juna za su yi, a nan maigidanki ya yi gaskiya. Karatun yana bakin babban da ke tsaye a wurin, da tambayar da yake yi bayan jaka ta sauka. Amfanin jakar shi ne tana riƙe yaro a wurin yana jiran layinsa, tana kuma sa shi ya yarda a tambaye shi abu ɗaya sau goma bai gaji ba.

Duk shekara ina karɓar yaran da za su rera miki ɗaya zuwa ashirin ba tuntuɓe, iyaye na murna. Ki ce wa yaron ya miƙo miki alli huɗu, sai ya damƙo cike da hannu. Waƙa ya haddace, bai san huɗu abu ne da ake iya taɓawa ba. Shi ya sa tafin da ƙanwar mijinki ta haɗa da jifan ya fi jifan muhimmanci. Ki ƙara a kai. Ki ajiye kwanon ƙwallon tsamiya ko tsakuwa a gefe, in jakar Abba ta sauka a 3, ya je ya ɗebo uku ya jera a cikin da'irar, yana taɓa kowanne da yatsa yana faɗa. In ya gama ki tambaye shi, "To nawa ke nan?" In ya ce uku kai tsaye, ya gane. In ya koma ƙirgawa daga farko, da saura, kuma ba laifi, shekararsa huɗu. Kada ki wuce 5 da shi sai ya zauna a kansu.

Shi Abba ma ban so ki matsa masa da haruffa yanzu. Ki ba shi launi da wuri. Jefa ja cikin kwando. Ɗora kore a ka ka taka zuwa bakin ƙofa. Sa ta ƙarƙashin kujera, bayan randa, hannun hagu, kusa da turmi, nesa da murhu. Waɗannan kalmomi su ne malami zai yi ta amfani da su a aji, kuma yaron da bai san sama da ƙasa da dama da hagu ba shi ne ke juya b ta koma d ya daɗe bai daina ba.

Walida ce za ki ci riba da ita sosai, don karatun Hausa gaɓa-gaɓa yake tafiya, kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Ki zana da'ira biyar, ki sa wasali ɗaya a kowacce: a, e, i, o, u. Kowace jaka kuma ki rubuta mata baƙi ɗaya a jiki. Ta ɗauki jakar k ta jefa, in ta sauka a kan a ta ce "ka", in a kan u ta ce "ku". In bakinta ya saba, sai jifa biyu: jakar k ta faɗa a, jakar z ta faɗa a, me aka samu? Ranar da ta ce "kaza" da kanta ta waiga tana neman kazar gidan, za ki ga abin da nake nufi. Wani lokaci jifan zai haɗa abin da ba kalma ba ne, su fashe da dariya, ki bar su, sai ki tambaya, "Akwai wannan a Hausa?" Kada ki manta da masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ki yi musu jakarsu daban da wani launi, don yara da yawa har su gama firamare ba sa rubuta su. Lissafi ma haka, jifa biyu a haɗa, 2 da 3, ta jera tsakuwa ta ƙirga.

Abu biyu zan ja kunne. Haruffan Larabci kada ki rubuta su a ƙasa ana jifa ana takawa, balle aya ko sunan Allah. Wannan a bar wa allo. Sannan ki tsaya tun suna so. Kwata na awa ya ishe su, da yamma bayan an sauko daga islamiyya ko kafin tuwo ya nuna. In kika mayar da shi dole, da tsawa da "ba na faɗa maka ba", kin kashe shi.

A takarda gwamnati ta sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, amma ke ma kin san yadda makarantun ƙauyukanmu suke. Ni yaran ajina sun fi ƙarfin bencinan da ke ciki, ba ni da halin tsayawa kan yaro ɗaya in ga ko ya san uku. Wanda aka yi wa wannan a gida, tun makon farko nake gane shi.

Dattijon Jahun

Ikon Allah. Yanzu sai an je kwaleji za a koyo mana jifa?

'Yata, ki tambayi surukarki carabke. Yarinya ta jefa dutse ɗaya sama, kafin ya sauko ta kwashe na ƙasa, ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, in ta yi kuskure 'yan'uwanta su kama ta nan take. Wane lissafi ne babu a nan? Wane saurin hannu da ido ne babu? 'Yar gala-gala fa, da ake jefa tsingaro a gida-gida ana ɗingishi? Mu maza dara muka taso muna kallo a gindin bishiya, rami 30, kowa da 'ya'ya 12, kafin a ba ka wuri ka zauna sai ka iya ƙirga da ido. Babu wanda ya ɗebi abinci, babu wanda ya sayi zare. Da tsohuwar zuma ake magani.

Maganar abinci kuwa ba camfi ba ne. Allah ya ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, kuma ya tabbata a hadisi cewa in loma ta faɗi a ɗauka a share a ci. Wanda aka ce kada ya bar loma a ƙasa, yaya zai ɗinke mudu a ƙyalle yara su taka? Ni ba malami ba ne, ban ce haramun ba, amma tsohuwar nan ki ba ta haƙuri.

Malamar Aji Ɗaya, ƙasar Bichi

Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba ko ɗaya. Carabke ta fi jakar nan wuya nesa ba kusa ba, kuma nan ne gizo ke saƙa: ɗan shekara huɗu ba zai iya ta ba, dutsen ya yi masa ƙanƙanta, yana tsalle, yana kuma fasa goshi. Jakar matakin farko ce, carabke na gaba. Ina ma a ce 'yan matan yanzu na yin ta yadda muka yi.

Ba ma mu kaɗai ba ne. A Japan akwai wasan 'yan mata da ake kira otedama, kusan carabke ce sak har da waƙa, sai dai da 'yan jakunkunan ƙyalle masu jan wake a ciki, kaka ke koya wa jika. A Amurka manya ma na jefa jakar masara cikin ramin katako, kuma su ma yanzu yawanci 'ya'yan roba suke ɗurawa, don masarar na zama gari, tana fumfuna, tana kiran ɓera. Shi kansa Furobel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindagatin a 1840, abin wasan farko da ya tsara wa jarirai ƙwallaye shida ne masu laushi na zaren ulu, kowanne da launinsa. Abin da hannu ƙarami zai iya damƙa ake nema, ba wani sirri.

Anti Nas, ƙaramin asibiti a ƙasar Gaya

Kowa ya yi magana a kan ƙwari da Inna, ba wanda ya tsaya a kan Ummi. Maman Walida, ni wannan layin ne ya tayar mini da hankali.

Wake a hanci ko a kunne na cikin abubuwan da aka fi kawo mana yara da su, tare da masara da gyaɗa da dutsen ado. Ƙwayar hatsi ta fi dutse sharri, don tana shan danshi ta kumbura, abin da ya shiga da sauƙi da safe zuwa dare ya toshe. Sai uwa ta sa tsinken ashana ko ta ɗura ruwa a kunne, ta ƙara tura shi ciki, ruwan kuma ya ƙara kumbura shi. Kada a zungura, kada a zuba komai, a kawo shi. In kin ga majina mai wari na fita ta hanci ɗaya kawai, kwana da kwanaki, ki yi zargin akwai abu a ciki ko da yaro bai faɗa ba.

Mafi haɗari shi ne ya bi ta hanyar numfashi. Duk yaron da bai kai shekara uku ba, abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Ki sani ƙwallon tsamiya da na dabino ba su fi wake aminci ba ta wannan fuskar, na dabino ma ya fi girma. Don haka tsakuwa ko tsamiyar ƙirga da Malama ta ce a ajiye a kwano, a yi wannan lokacin da Ummi ke barci ko tana goye, a ƙirga su kafin a fara, a ƙirga bayan an gama. Jakar kuma ki matsa kowace kusurwa da yatsa kafin ki miƙa wa yara. In an tashi, a zuba su a gwangwani mai murfi a ɗora sama, maganin ɓera da Ummi gaba ɗaya.

In Allah ya kiyaye jariri ya shaƙe, yana tari da ƙarfi yana kuka, a bar shi ya yi tarin. In kuwa ba sauti, ba kuka, launinsa na sauyawa, ki kifa shi a kan hannunki kansa ya ɗan yi ƙasa, ki riƙe haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tudun tafin hannu sau biyar. In bai fito ba ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirji da yatsa biyu sau biyar, ki yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa. Kada a cusa yatsa maƙogwaro ana lalube.

Tunda ana neman 'ya'yan itacen da ba a ci, in ƙara da wannan: ban da idon zakara, ban da 'ya'yan zurma, ban da na cini-da-zugu da ake shinge da shi. Suna da kyau a ido, ga su kyauta, amma guba ne, idon zakara ma ƙwaya ɗaya in an tauna tana iya kisa.

Maman Walida, daga ƙasar Taura

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti Nas, jikina ya yi sanyi, tun daren na kwashe su na sa a tsohon gwangwanin madarar gari na ɗora kan kabad.

Na farke na waken duka. Wanda ƙwari suka ci na zuba wa awaki a gaban Inna, na kuma ba ta haƙuri yadda Baba ya ce. Tsamiya na samu wajen maƙwabciyarmu mai kunu, har tana dariya wai me zan yi da shara. Inna ta ga ina shanyawa, ta ce wannan kam ko jaki ba ya ci, ku yi ta jifa. Yanzu ƙorafinta ya koma kan gawayi, wai Abba ya zane mata bangon ɗaki da da'irori. Maigida har yanzu yana kan bakansa, amma shi ya ba ni tsohon wandonsa na yanka.

Saura abu biyu. Na rubuta baƙaƙen da biro a jikin atamfa, ba sa fitowa saboda zanen, kuma sun fara gogewa. Sannan damina na tafe, tsakar gidanmu ƙasa ce, in an yi ruwa ba wurin zane. Telar Mata, yaya kika yi wa na islamiyyar?

Telar Mata, Gezawa

Masu harafi kada ki yi musu riga da atamfa, ki sa yadi mara zane, fari ko ruwan ƙwai. Ki zana harafin da fensir babba, ya kusa cika fuskar jakar, sai ki bi shi da baƙin zare ninki huɗu, ko zaren ɗinkin hula in akwai mai yi a gidan. Ki yi wannan tun kafin ki haɗa rigar, ƙyallen na shimfiɗe. Ƙananan baƙaƙe za ki yi, ba manya ba, su ne a littafin Walida. Ki ja ɗan layi a ƙarƙashin kowanne da jan zare don a san ƙasansa, in ba haka ba jakar b in ta juya sai ta koma wani abu, n kuma ta koma u. Lanƙwasar ɗ da ƙ ki ɗan zuzuta ta yadda za a hango daga nesa.

Na damina kuwa, ki samu tsohon buhun shinkafa ki farke shi ya zama shimfiɗa, ki wanke, ki zana da'irorin a bayansa da maka ko ragowar fenti, bakin kwano ya zama ma'auninki. Fuska ɗaya lambobi, in kin samu buhu na biyu wasula. A shimfiɗa a zaure ko a rumfa, a danne kusurwa da takalma, in an gama a naɗe. Ban da buhun taki ko na iri. In jaka ta jiƙe, ki cire rigar ki wanke, ta cikin ki shanya ta a rana mai ƙarfi kina juyawa, kada ki mayar da ita gwangwani sai kin girgiza kin ji ƙarar ta dawo.